Rikicin iyakar teku tsakanin maƙwabta: kotu ce mafita ko zaman tattaunawa?

Malam_Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwanakin nan na sake bibiyar yadda shari'ar Bakassi, yankin bakin teku da Najeriya da Kamaru suka yi jayayya a kansa, ta ƙare, sai wata tambaya ta tsaya mini a rai, wadda nake roƙon masana cikinmu su taimaka su warware mini. Kamaru ta kai ƙarar Najeriya Kotun Duniya a watan Maris na 1994, kotu ta yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002, amma ba a kammala miƙa wa Kamaru yankin ba sai 14 ga Agusta 2008, bayan Obasanjo da Paul Biya sun sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006. Shekara takwas ke nan ana shari'a, aka kuma ƙara kusan shida ana zaman sulhu kafin hukuncin ya zama aiki. To idan har sai an koma teburin tattaunawa ko bayan hukunci, mene ne amfanin zuwa kotu tun farko? Ni dai a ganina, maƙwabtan da suka kai juna gaban alƙali a kan ruwa gazawa suka yi, domin teku ba gona ba ce da za a kafa mata turke, kuma kifi da ɗanyen mai ba su san layin da alƙali ya ja ba.

Barista_Nafisa:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Dokar kanta tana tare da kai a rabin maganarka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka sa wa hannu a Montego Bay ta ƙasar Jamaika a 1982, ta fara aiki a 1994, ta bai wa kowace ƙasa mai gaɓar teku mil 12 na ruwan da take da cikakken iko a kansa, da mil 200 na yankin da ita kaɗai ke da haƙƙin kifinsa da ma'adinansa. Mil ɗaya na teku mita 1,852 ne. Matsala tana tasowa ne idan gaɓar ƙasashe biyu tana maƙwabtaka ko tana fuskantar juna, har yankunansu suka hau kan juna. A nan sashe na 74 da na 83 suka ce a raba ta hanyar yarjejeniya domin a kai ga abin da ya zama adalci, sai an kasa a cikin lokaci mai ma'ana ne za a nemi wanda zai raba gardama. Galibin iyakokin teku da aka riga aka shata a duniya da tattaunawa aka shata su. Inda na saɓa da kai shi ne kiran zuwa kotu gazawa. Akwai lokacin da babu shugaban da zai iya sakin taku ɗaya na ruwa da hannunsa ya kuma tsira da kujerarsa, amma zai iya gaya wa jama'arsa cewa kotu ce ta yanke, mu kuma masu bin doka ne. Hukuncin 2002 shi ne ya samar da abin da aka zauna a kansa a Greentree.

Tsohon_Soja:
Hajiya Barista ta faɗi gaskiya. Ni na yi aiki a yankin Bakassi a tsakiyar shekarun 1990, kuma wanda bai je ba ba zai gane abin da ake kira iyaka a can ba. Ƙoramu ne birjik a cikin itatuwan fadama masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Da safe ka ga tudun yashi ka tsaya a kai, kafin la'asar ruwa ya cika ya shanye shi, ba ka ganin komai sai kan turakun da masunta suka kafa. Na sha ganin masunci ya fito da takardun haraji biyu daga cikin leda, ɗaya ta wannan ɓangare ɗaya ta wancan, yana duba kakin wanda ya tare shi kafin ya san wacce zai miƙa. Mun binne abokan aiki, wasu harsashi ne ya kashe su, wasu zazzaɓi ne, wasu kuma kwalekwale ne ya kife da su. Ranar da na ji hukuncin raina ya ɓaci ƙwarai, amma daga baya da na tuna fuskokin waɗanda ba su dawo ba, sai na ga cewa ko ba komai an daina aika yara matasa cikin wannan taɓo.

Alhaji_Garba_Mai_Nazari:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ranka ya daɗe. Sai dai ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babu wanda ya tambayi mazauna wurin. Mafi yawansu 'yan Najeriya ne, Efik da Ibibio da sauransu, amma kotu ta dogara ne ga yarjejeniyar da Birtaniya da Jamus suka ƙulla ranar 11 ga Maris 1913. Najeriya ta ce yarjejeniyar kariya da Birtaniya ta yi da sarakunan tsohuwar Kalaba a 1884 ba ta ba ta ikon kyautar da ƙasarsu ba, kotu ta yi watsi da wannan hujja. Alƙali Koroma na Saliyo da marigayi Bola Ajibola sun rubuta ra'ayin da ya saɓa wa rinjaye. Majalisar Dattawa ma a Nuwamban 2007 ta nuna cewa sashe na 12 na tsarin mulki ya wajabta a kawo mata yarjejeniya irin ta Greentree. Shari'ar da takardar Turawa biyu ta fi zaman dubban mutane nauyi, ni ban gamsu da ita ba.

Barista_Nafisa:
Alhaji Garba, ƙorafinka yana da tushe, amma akwai abin da ake yawan mantawa, kuma ya shafi tambayar Malam Habibu kai tsaye. A ɓangaren ruwa, kotu ba ta tsaya ga takardar 1913 kaɗai ba. Ta riƙe sanarwar Yawunde ta biyu ta 1971 da sanarwar Marwa ta 1 ga Yuni 1975, waɗanda Janar Gowon da Ahmadu Ahidjo suka sa wa hannu. Najeriya ta ce majalisar ƙoli ta soja ba ta amince da ta Marwa ba, kotu ta ce sa hannun shugaban ƙasa ya isa ya ɗaure ƙasarsa. Ka ga ke nan abin da ya ɗaure Najeriya a gaban alƙalai tattaunawa ce ta shugabanni biyu masu ɗasawa da juna. Saboda haka tattaunawa ma tana da nata haɗarin idan aka yi ta ba tare da majalisa da masana da jama'ar wurin ba. Sannan ya kamata a san cewa a can cikin teku Najeriya ba ta faɗi ba. Kamaru ta nemi a karkatar da layin domin gaɓarta ta lanƙwasa ciki kuma tsibirin Bioko na Ikwatoriyal Gini ya tare mata gaba, kotu ta ƙi, ta bi layin da ke tsakiya daidai wa daida, wanda ya bar wa Najeriya manyan wuraren haƙar manta.

Safiyo_Lawal:
Bari in ƙara wani abu daga ɓangaren sana'armu ta awo. Layin 1971 a kan taswirar jiragen ruwa ta Birtaniya mai lamba 3433 aka zana shi, kuma bayan hukunci sai da hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ke shugabanta, ta tura masana suka mayar da waɗannan ɗigo-ɗigon zuwa ma'aunin da na'urorin tauraron ɗan'adam ke aiki da shi yau. Mutane suna ɗauka wannan ƙaramin aiki ne. Na taɓa shimfiɗa tsohuwar taswira a kan tebur ina nuna wa ɗalibai, na ja layi da fensir mai kaifi, sannan na ce su auna kaurinsa. A taswirar da santimita ɗaya ke wakiltar kilomita 10, kaurin milimita ɗaya kilomita guda ne cur a kan ruwa, kuma rijiyar mai tana iya faɗawa cikin wannan kaurin. Ga kuma bakin kogi da ke sauya wuri, da tudun yashi da ke ƙaura. Alƙali zai rubuta lambobi ya tashi, amma masu awo na ƙasashen biyu dole su shiga jirgi ɗaya su yarda da na'ura ɗaya. Idan babu amana a tsakaninsu, hukuncin yana nan a takarda.

Ummu_Hanif:
Ina amfana da wannan muhawara ƙwarai. Tambayata ga masana ita ce, tunda arzikin da ke ƙarƙashin ruwan ne ake yi wa faɗa, me zai hana a ajiye batun layi a gefe, a haƙo tare a raba?

Injiniya_Mukhtar:
Ana yin haka, Hajiya, kuma dokar teku ma ta ƙarfafa shi, domin ta ce kafin a cimma matsaya ta ƙarshe ƙasashe su yi ƙoƙarin shirya wani tsari na wucin gadi. Najeriya da Sao Tome sun ƙulla irin wannan a Fabrairun 2001, inda suka ware yankin haɗin gwiwa, Najeriya na da kashi 60 cikin 100, Sao Tome na da 40, aka kafa hukuma mai hedkwata a Abuja. Maleshiya da Tailan sun fara nasu tun 1979, suna raba iskar gas biyu daidai. Mafi kusa da mu a lokaci shi ne na Senigal da Muritaniya, waɗanda suka amince a 2018 su raba gas ɗin da aka gano a kan iyakarsu rabi da rabi, kuma tuni aka fara fitar da shi. Amma kada a ɗauka maganin kowace cuta ne. Yankin Najeriya da Sao Tome an sayar da lasisi, an haƙa rijiyoyin gwaji, amma fatan da aka ɗora masa bai cika ba. Sannan rabon kaso shi ma wata shari'ar ce, domin ƙasar da ta karɓi kashi kaɗan tana jin tsoron kada gobe a ce ta amince ke nan cewa haƙƙinta kaɗan ne. Shi ya sa ake rubutawa ƙarara cewa tsarin ba zai shafi iƙirarin kowa ba. Amfaninsa babba shi ne kamfanoni ba sa zuba biliyoyin dala a ruwan da ake jayayya a kansa, don haka muddin ba a daidaita ba kowa hasara yake yi.

Issoufou_Mai_Karatu:
Gaisuwa ga kowa. Mu a Nijar ba mu da teku, amma mun ɗanɗani irin wannan a kan kogin Kwara, game da tsibirin Lete da ke tsakaninmu da Benin. Shekaru da dama ana ja-in-ja, har ƙasashen biyu suka amince su je Kotun Duniya tare, ta yanke a Yulin 2005 cewa Lete na Nijar ne, wasu tsibiran kuma na Benin. Game da ƙorafin Alhaji Garba kan takardun Turawa, ya kamata a tuna cewa shugabannin Afirka da kansu ne suka zartar a Alƙahira a 1964 cewa za a mutunta iyakokin da aka gada ranar samun 'yanci. Sun san iyakokin ba na adalci ba ne, amma sun ga cewa buɗe wannan ƙofa zai jawo yaƙin da ba shi da ƙarshe.

Malam_Habibu:
Na gode muku duka, musamman Hajiya Barista, domin batun sanarwar Marwa ya sa na sake tunani. Amma ku dubi Somaliya da Kenya. Somaliya ta shigar da ƙara a 2014 a kan ruwan da ya kai kimanin murabba'in kilomita 100,000. Kenya tana so layin ya miƙe gabas sak daga inda iyakar tudu ta taɓa teku, Somaliya kuma tana so ya bi kudu maso gabas. Kenya ta ƙaurace wa zaman sauraron ƙara a Maris na 2021, kuma da kotu ta bai wa Somaliya mafi yawan yankin ranar 12 ga Oktoba na shekarar, Uhuru Kenyatta ya fito ya ce bai yarda da hukuncin ba. Ga hukunci a hannu, amma wa zai zartar da shi? Kuma Kenya ita ce mai sojoji a cikin Somaliya suna taya ta yaƙi da Al-Shabab. Shin ba irin wannan ba ne abin da nake cewa?

Dakta_Zainab:
Malam Habibu, ka kawo misali mai ƙarfi, amma ka ajiye na Gana da Kwaddibuwa a gefensa ka gani. Bayan gano mai a gaɓar Gana a 2007 rikici ya taso, aka yi ta zama ba a daidaita ba, Gana ta nemi a yi shari'a a 2014. Sai ƙasashen biyu suka amince a watan Disamba na shekarar su miƙa batun ga wani kwamitin alƙalai na musamman na kotun dokar teku da ke Hamburg. A Afrilun 2015 kwamitin ya hana Gana haƙa sababbin rijiyoyi a wurin, Gana ta bi umarnin duk da hasarar da ke ciki. Ranar 23 ga Satumba 2017 aka yanke hukuncin da ya bar wa Gana rijiyoyinta, kuma a ranar wakilan ƙasashen biyu suka fitar da sanarwa ɗaya cewa sun karɓa. Abin da ya bambanta shari'ar biyu, a fahimtata, shi ne waɗannan sun shiga zauren ne da yardar juna, ita kuwa Kenya ta yi ta ƙalubalantar hurumin kotun tun daga farko. Wanda aka ja shi da ƙarfi zuwa gaban alƙali da wuya ya fito yana murmushi. Don haka ko shiga kotu ma sai an yi masa aikin diflomasiyya tukuna.

Sadiq_Ɗan_Jarida:
Duk wannan tsakanin ƙasashen da ƙarfinsu ya yi kusa da juna ne. A tekun kudancin Sin, Filifins ta kai ƙara a 2013, kwamitin alƙalai ya yanke ranar 12 ga Yuli 2016 cewa layi mai ɗigo tara da Sin ta zana a taswira tana iƙirarin mafi yawan tekun da shi ba shi da madogara a dokar teku. Sin ba ta halarci shari'ar ba, ba ta kuma karɓi hukuncin ba. Ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ta sa hannu da Sin a kan wata sanarwar kyautata mu'amala tun 2002, aka shafe fiye da shekara 20 ana tattauna ƙa'idar da za ta ɗaure kowa. Babbar ƙasa ta fi son ta zauna da ƙananan ɗaya bayan ɗaya, domin a irin wannan zama mai ƙarfi ne ke da bakin magana. Ga ƙaramar ƙasa, kotu ce kaɗai wurin da ake auna hujja ba a auna jiragen yaƙi ba, ko da hukuncin zai daɗe bai yi aiki ba.

Barista_Nafisa:
Akwai hanya ta uku da ba mu taɓo ba, wato sulhu na tilas, inda dole ƙasa ta halarci zaman amma shawarar masu sulhu ba ta ɗaure ta. Ostireliya ta cire kanta daga hurumin kotuna a kan iyakar teku a 2002, gab da Timor ta Gabas ta samu 'yanci. Timor ta bi wannan hanya a 2016, kuma a Maris na 2018 suka sa hannu a kan iyaka ta dindindin a birnin New York. Ƙaramar ƙasa ce matalauciya, amma ta kai babbar maƙwabciyarta ga matsaya ba tare da hukunci ba. Malam Habibu kuma zai ji daɗin misalin Norwe da Rasha, waɗanda suka kwashe kimanin shekara 40 suna tattaunawa a kan tekun Barents, sannan a 2010 suka raba yankin da ya kai murabba'in kilomita 175,000 kusan biyu daidai. Abin lura shi ne a duk tsawon shekarun suna kula da kamun kifi tare ta hukumar haɗin gwiwa, ba su bari rashin layi ya hana su aiki ba.

Kyaftin_Yusuf:
Mu da muke tuƙa jiragen dakon kaya a mashigin tekun Gini muna ganin illar rashin daidaitawa ta wata fuskar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. 'Yan fashin teku da jiragen da ke satar kifi sun san inda jirgin sintiri yake tsayawa ya juya don kada a ce ya keta ruwan maƙwabci. Najeriya tana ƙungiyar yammacin Afirka, Kamaru tana ta tsakiyar Afirka. Taron Yawunde na Yunin 2013 ya gyara wani abu, domin ya haɗa yankunan biyu a kan musayar bayanai da sintiri. Ina ganin idan sojojin ruwa na ƙasashe biyu suka saba kiran juna ta rediyo kullum, ranar da masunta suka yi karo ba za ta zama ranar yaƙi ba.

Alhaji_Garba_Mai_Nazari:
Na saurari kowa, amma har yanzu ina nan kan batun mutane. Yarjejeniyar Greentree ta yi alkawarin ba za a tilasta wa 'yan Najeriya barin Bakassi ko sauya ƙasa ba, za a mutunta kamun kifinsu da dukiyarsu, ba za a ɗora musu harajin wariya ba. Wa'adin riƙon ƙwarya ya ƙare a Agustan 2013, amma dubbai sun riga sun tashi, kuma an daɗe ana jin kukan waɗanda aka kwaso a kan rashin matsuguni na dindindin kusa da ruwa. Masunci idan ka ba shi ɗaki a kan tudu nesa da teku, ka raba shi da rayuwarsa ne. A shari'ar Eritiriya da Yaman a kan tsibiran Bahar Maliya a 1998 da 1999, alƙalai sun bai wa Yaman manyan tsibiran, amma suka wajabta a bar masuntan ɓangarorin biyu su ci gaba da kamun kifinsu na gargajiya. Ashe ana iya rubuta talaka a cikin hukunci idan an ga dama.

Tsohon_Soja:
A kan wannan ina tare da kai, Alhaji. Mutumin nan mai takardun haraji biyu ya sha faɗo mini a rai, ban san wacce ta rage masa ba.

Malam_Habibu:
Na janye kalmar gazawa, domin Dakta Zainab da Malam Sadiq sun nuna mini inda ba ta dace ba, amma ban janye shakkata a kan hukuncin da ɓangare ɗaya bai yarda da shi ba. Yanzu ga wani gwaji a gabanmu. A Mayun 2025 Kotun Duniya ta yanke cewa tsibirin Mbanie da ƙananan tsibirai biyu da ke kusa da shi na Ikwatoriyal Gini ne ta hanyar gado daga Sifaniya, alhali Gabon ce ke riƙe da shi tun 1972, kuma ƙasashen biyu da yardar juna suka je. Kotun ba ta shata musu iyakar teku ba, sai sun zauna sun yi da kansu. Malam Lawal, ina so ka bayyana mana yadda ɗan ƙaramin tsibiri irin wannan yake karkatar da layin tsakiya, Hajiya Barista kuma ta gaya mana ko tsibirin da babu mazauna na dindindin a kansa yana samun mil 200 ɗin ko mil 12 kawai.